Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Firaministan Kanada game da Willie O'Ree

Mai girma Firaminista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni uba ne, baƙo a ƙasarku, kuma ɗana ne ya sa na san Willie O'Ree, tsohon ɗan wasan hoki, wato wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Ran nan ya dawo daga makaranta da hoton wani dattijo baƙar fata sanye da malafa, ya ce, "Baba, wannan da ido ɗaya ya buga hoki." Na ɗauka shirmen yara ne, sai da na bincika.

Ashe gaskiya ne. Yana matashi faifan robar da ake bugawa ya same shi a idon dama, ya kusa makantar da idon gaba ɗaya. Ya ɓoye wa masu ƙungiya, don da sun sani da ba su ɗauke shi ba. A haka ya shiga fili ranar 18 ga Janairun 1958 sanye da rigar Boston Bruins, suka kara da Montreal Canadiens, ya zama baƙar fata na farko a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Wasanni 45 kacal ya yi a gasar, da ƙwallo 4. Ya sha zagi daga 'yan kallo, a Chicago kuma har haƙora wani ɗan wasan abokan hamayya ya zubar masa da gindin sanda. Sai a 1974 aka sake ganin wani baƙar fata a gasar.

Ni abin da ya fi burge ni ya zo ne daga baya. A 1998, yana da shekara sittin da ɗoriya, lokacin da tsaransa ke neman inda za su miƙe ƙafa, ya karɓi aikin jakadan NHL, yana bin garuruwa yana koya wa 'ya'yan talakawa tsayuwa a kan ƙanƙara.

Ban ce an yi masa butulci ba. Ya samu lambar girma ta Order of Canada, garinsu Fredericton ya sa wa filin wasa sunansa, an shigar da shi zauren gwarzayen hoki a 2018, a 2022 kuma Boston ta ajiye lambar rigarsa ta 22, ba mai sake sa ta. Madalla.

To amma ranka ya daɗe, ka leƙa filin unguwa da safiyar Asabar. Za ka ga yaranmu a bayan gilashi, sun manna hanci suna kallo. Takalmin zamiya, kwalkwali, sanda, safar hannu, sulken kafaɗa da na ƙauri, ga kuɗin rajista da na hayar fili. Yaro kuwa kullum girma yake, takalmin bana ba ya kai baɗi. Na ɗana na hannu ne, sai da muka cusa takarda a bakinsa kafin ya zauna masa daidai.

Roƙona shi ne gwamnatinka ta kafa asusu da sunan O'Ree, wanda zai riƙa ba yara aron kayan wasa, ya kuma biya musu awannin atisaye a filayen ƙananan hukumomi. A fara da Fredericton, inda shi kansa ya koyi zamiya tun yana ɗan ƙarami, daga nan a faɗaɗa zuwa unguwannin baƙi a Toronto da Montreal.

Ɗana ya ce in gaya maka shi ma lamba 22 yake so.

Na gode, a huta lafiya.

Wani uba mazaunin Kanada