Barka da Sallah daga Paris

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaida Inna da Goggo da su Kawu na Birni, da yara gaba ɗaya. Jika sittin ɗin da na turo ranar Talata, ashirin na ɗinkin yara ne, sauran na cefane. A gaya wa Auta kuɗin takalminsa na ciki, ya daina kumbure-kumbure.

Bana ban yi Idi a masallacin unguwarmu ba, wanda na taɓa gaya muku ɗaki ne kawai a ƙasan bene. Na roƙi shugaban shantiye, wurin ginin da nake aiki, ya ba ni rabin wuni, don a nan ranar Sallah ranar aiki ce kamar kowace. Tun da duku-duku na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka a tashar Place Monge, na bi ayarin masu jallabiya har Babban Masallacin Paris. Can ne malamai ke taruwa daren ashirin da tara ga wata, wanda suke kira daren shakka, kafin a sanar da Sallah. Shekara shida ina garin nan, ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba sai yau. Tun da na shiga kuwa ku ne a raina, domin gini ne da sai magini zai gane wahalar da aka sha a kansa.

Daga waje ba za ku ce komai ba: farin bango ne dogo, sai rufi na koren tangaran. Mu a Damagaram fuskar gida muke yi wa ado, mai wucewa ya ga zane da zankwaye ya san gidan wane ne. Mutanen Magrib, wato Arewacin Afirka, a ciki suke ɓoye nasu. Sai ka wuce ƙofa sannan ka tarar da lambu, da ruwa yana tsartuwa daga kwatarniyar marmara, da rumfuna kewaye da tsakar gida. Hasumiyar mai kusurwa huɗu ce, tsawonta mita 33, an kwaikwayo ta daga ta masallacin Zaituna na Tunis. Tsarin masallacin kansa daga Ƙarawiyyin na birnin Fas aka ɗauko shi, irin ginin da ake dangantawa da Andalus. Sai dai duk tsawon hasumiyar, ba a jin kiran salla a titi. Ladan a ciki yake kira.

Bakin ƙofofinsu ba irin bakan gizon da kuke ɗaurawa da azara ba ne. Nasu yakan zagayo ya ɗan tsuke daga ƙasa, kamar kofaton doki. Sama da kai filasta ce da aka sassaƙe da hannu har ta koma kamar saƙar hula, sama da ita kuma katako mai zane. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne adon ƙasan bango, wanda suke kira zallij. Kun san aikina ke nan a shantiye, manna karo, wato tayil. Namu daga kamfani yake zuwa a kwali, inji ya yanke shi daidai wa daida. Nasu kuwa kowane gutsure da guduma mai kaifi aka fasa shi, wani bai fi farcen yatsa ba, a jera su a kife a ƙasa, a zuba musu kwaɓi ta baya, sai ya bushe a ɗaga a ga tauraron da ya fito. Ina jiran a tayar da salla na ɗora yatsa a kan wani shuɗi. Ba su daidaita ba, Baba, wani ya ɗan fi wani tudu, kuma da ka ja baya taku uku sai ka rasa inda aka haɗa. Wani tsoho ɗan Aljeriya da ke gefena ya yi dariya, ya ce ko na zo duba aikin ne.

Tarihinsa ne ya ɗan sosa min zuciya. An aza tubalin a 1922, aka buɗe shi a watan Yuli na 1926, a gaban shugaban Faransa Gaston Doumergue da Sarkin Maroko Maulaya Yusuf. Dalilin da suka bayar shi ne godiya ga sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918. Dokarsu ta 1905 ta hana gwamnati kashe kuɗi a kan wurin ibada, sai suka bi ta bayan gida: a 1920 majalisa ta ware faran 500,000 da sunan cibiyar Musulmi, birnin Paris ya taimaka da filin, inda da can tsohon asibiti ne. Masu sana'ar kuma daga Magrib aka kawo su. Shugabansa na farko, Si Ƙaddur Bin Gabrit, a cikin harabar aka binne shi.

Na tuna labarin da kuke ba mu na ƙanen kakanku da aka kama soja bai dawo ba. Turawa duk baƙin da suka ɗiba daga ƙasashenmu, Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bambara, sojan Senegal suke ce musu. Akwai allunan tunawa da aka kafa a masallacin a 2014. Na tsaya gabansu na yi masa Fatiha, ko da yake ban san ƙasar da ta rufe shi ba. Gini dai ya yi kyau, amma ni ban ga ya biya jini ba, kuma babu ko zanko ɗaya a jikinsa da zai nuna mu ma namu sun kwanta a nan.

Jama'a ta yi yawa har sai da aka yi Idi sau biyu. Ni a tsakar gida na samu sahu, tsakanin ɗan Mali da ɗan Komoro. Bayan an shafa na zagaya ɗakin shayin da ke jikin masallacin, na sha na na'ana'a mai sukari kamar zuma, gwarare suna sauka kan tebur suna tsince min alkaki ba ko tsoro. Ƙarfe ɗaya ta yi min a shantiye, da babbar rigata a cikin leda.

Na ɗauki hotunan bangon da yawa, zan tura wa Yaya ta WhatsApp ya nuna muku. Ku duba na huɗun da kyau, ku faɗa min ko za a iya fitar da wannan tauraron da makuba a fuskar zauren da muke son ɗagawa bayan damina. Inna kuma ta ajiye min kilishi in mai zuwa ya samu.

Ni ne ɗanku,
na Paris.