Rahoton Ayyukan Shekara: Mun Je Ribblehead, Glenfinnan Ta Gagara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu sha'awar tarihin reluwe mazauna Ingila ta gudanar a bana.

Babban aikinmu shi ne ziyarar gadar Ribblehead a Yorkshire, kan layin dogon Settle zuwa Carlisle. Mun sauka a 'yar tashar da ke kusa, muka taka har ƙarƙashinta, iska na neman tuge mana huluna. Gada ce ta dutse, tsawonta mita 400, bisanta mita 32, tana tsaye kan baka 24, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soro. An soma gininta a 1870. Masu hayaniyar ɗaukar hoto sun yi tsit da muka isa cocin Chapel-le-Dale, inda aka binne leburori da iyalansu da agana da haɗurran aiki suka kashe. A shekarun 1980 an so rufe layin, wai gyaran gadar ya yi tsada. Jama'a suka ce ba su yarda ba, a 1989 gwamnati ta janye.

Muna nan jirgi mai tururi ya ratsa, yana tuƙa hayaƙi. Wani dattijonmu da mahaifinsa ya yi aikin reluwe a Zariya ya ce warin kwal ɗin nan ne ya tashi da shi, sai dai nasu daga Inugu ake kawowa. Nan muka tsai da shawarar naɗar muryoyin dattawan da suka ga zamanin, tunda jirgi ya shiga Kano tun 1911 amma labarin ma'aikatansa bai cika shiga takarda ba. An fara, sai dai aikin na tafiyar hawainiya.

Mun kuma kai yara gidan tarihin jiragen ƙasa na York, suka ga Mallard, jirgi mai tururi da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938.

Tafiyar Sukotland kuwa ba ta yiwu ba. Mun so shiga jirgin Jacobite daga Fort William zuwa Mallaig mu haye gadar Glenfinnan mai baka 21, amma muka yi sanyin jiki har tikiti ya ƙare. Laifin kwamiti ne, mun ɗauka. Baɗi tun da hunturu za a saya, don haka duk wanda ake bi kuɗin wata ya ga ma'aji kafin taro na gaba.