Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Game Da Sakamakon Bincikenta

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu, sannan na karanta wa mahaifiyarki. Na fahimci cewa bayan watannin da kika kwashe kina bin sawun iyayen da ake tura wa saƙon tunatarwa ta waya domin su dawo da yaransu a ƙarasa musu allurar riga-kafi, alƙaluma sun nuna miki babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu da waɗanda ba a tura wa komai ba. Na kuma fahimci cewa wani abokin karatunki ya ba ki shawarar ki cire bayanan cibiyoyin lafiya biyun da ya ce sun ɓata lissafi, tunda in an cire su bambancin yana fitowa. Ba ki ce za ki bi shawarar ba, amma da ba ta tsaya miki a rai ba da ba ki rubuto mini ita ba. Shi ya sa na ga ya fi kyau in amsa miki a rubuce, domin ki samu abin da za ki sake dubawa idan hankalinki ya kwanta.

Kin san na yi shekaru ina aikin tattara alƙaluman lafiya, amma akwai abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba. Wata shekara aka kawo mini takardun tambayoyi na wani bincike domin in shigar da su, sai na lura da ƙunshin mutum ɗaya daga cikin masu zagayawa gida-gida. Takardar da ta je hannun jama'a ba ta ɓuya: za ki ga ta lanƙwashe, da shatin gumi a gefe, da wurin da aka soke aka gyara, da gurbin da aka bari fili saboda mai amsa ya ƙi faɗa. Nasa kuwa fes suke, biro ɗaya daga farko har ƙarshe, babu gurbi ko ɗaya da ba a cike ba, kuma kusan duk shekarun mutanen sun ƙare da sifili ko biyar. Na kai wa na gaba da ni, ya dubi kalanda, ya ce lokaci ya ƙure, in shigar kawai. Na shigar. Rahoton ya fita, aka yaba, aka kuma tsara aiki a kansa. Babu wanda ya taɓa tuhumata, amma har yau idan na ji an ce "bincike ya nuna" sai wannan ƙunshin takardu ya faɗo mini a rai.

Kada ki ɗauka wannan jarrabawar ta ƙananan ma'aikata ce kawai. A shekarar 2015 wasu masana da yawa suka haɗu suka maimaita nazarce-nazarce 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda aka riga aka buga a manyan mujallu. A bugun farko 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi, amma da aka sake gwadawa kimanin kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake bayar da shi. Yawancin masu binciken farko ba maƙaryata ba ne. Abin da ke faruwa shi ne irin wanda aka ba ki shawara: a ɗan cire nan, a sauya ma'auni can, a yi ta juya lissafi har sai ya faɗi abin da ake so, mujallu kuma su fi son buga wanda ya ce an samu a kan wanda ya ce ba a samu ba. Domin toshe irin wannan ƙofa ne editocin manyan mujallun likitanci suka sharɗanta tun 2005 cewa sai an yi wa gwajin magani rajista tun daga farkonsa, yadda mai bincike ba zai ga inda kibiya ta faɗa sannan ya zana da'ira a wurin ba.

Ki tuna abin da ya faru a 2020 lokacin annobar korona, domin kin isa hankali a lokacin. A watan Mayu mujallar Lancet ta buga wani nazari a kan maganin hydroxychloroquine da ake gwadawa a kan masu cutar, wanda aka ce ya ƙunshi majinyata kimanin 96,000 daga asibitoci 671, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da nata gwajin maganin na ɗan lokaci saboda shi. Ba a yi mako biyu cikakku ba aka janye shi, saboda an kasa tantance inda alƙaluman suka fito. A daidai wannan lokaci a Birtaniya, gwajin da ake kira RECOVERY yana raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, kuma a watan Yuni ya fito da sakamako biyu. Na farko ya ce hydroxychloroquine ba ya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar a asibiti. Na biyu ya ce dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Duniya ta fi tunawa da na biyun, amma a ganina na farkon bai gaza shi daraja ba, domin shi ya sa likitoci suka daina ɓata lokaci da kuɗi a kan abin da ba ya amfani. Sakamakonki na babu bambanci ɗan gidan wannan ne, ko da yake ƙarami ne.

Binciken da ya fi burge ni a 'yan shekarun nan shi ne wanda aka buga a 2023 a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, da mata sama da 200,000. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce ungozoma tana kimanta jinin da ya zuba da ido, ido kuwa yakan raina shi, sai a farga bayan mace ta galabaita. Sai aka kawo wata shimfiɗar leda mai aljihu da aka yi wa layukan awo, a sa ta ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru inda kowa zai ga iyakarsa. Da zarar ya kai layin, sai a yi duk matakan a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira: a murza mahaifa, a ba da maganin da ke sa ta tsuke, a ba da tranexamic acid mai rage zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa saboda jinin, ya sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin 100. Abin da nake so ki lura da shi shi ne duk wannan nasarar ta faro ne daga daina yarda da abin da ido yake so ya gani, aka koma ga awo. Ke ma kin yi awo, ya ba ki amsa, kuma shawarar abokin karatunki komawa ce ga kimantawa da ido.

Ban ce ba a taɓa cire bayanai daga lissafi ba. Ana cirewa idan akwai dalilin da aka rubuta tun a tsarin bincike, kafin a san wanda cirewar za ta amfana, ko kuma idan an tabbatar bayanan na jabu ne, kamar waɗancan takardu da na shigar. Ko a wannan hali, sai a faɗa a fili, a nuna lissafi da su da kuma ba su. Ki duba tsarin da kwamitin ɗa'a ya amince miki da shi. In babu irin wannan dalili a ciki, cibiyoyin nan biyu suna nan daram. Ki kuma tuna cewa matan da suka sa hannu a takardar amincewa sun ba ki lokacinsu ne bisa amana, kuma Yarjejeniyar Helsinki kan ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, wadda aka fara zartarwa a 1964 aka yi ta sabuntawa, ta ce sakamakon da bai nuna amfani ba shi ma wajibi ne a fitar da shi.

Hasali ma ina zaton albarkar aikinki tana cikin cibiyoyin da ake so ki jefar. Me ya sa saƙon bai yi tasiri a can ba? Wayar wa yake shiga, ta uwar ce ko ta wani a gidan? Tana iya karanta shi? Ko kuwa ba mantuwa ce ke hana ta dawowa ba, nisa ne, ko doguwar jira, ko ta taɓa zuwa aka ce allura ta ƙare? Waɗannan tambayoyi ne na ilimin zamantakewa, kuma likitanci ba ya wadatuwa da barinsu. Dubi riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S. An kwashe sama da shekara 30 ana aikinsa, kuma masu shi sun faɗi gaskiya cewa a tsawon kimanin shekara huɗu kariyarsa ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba. Duk da haka, gwajin da aka fara a Ghana da Kenya da Malawi a 2019 ya nuna raguwar mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarsa da kashi 13 cikin 100, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, ta kuma ƙara da na biyu, R21, a 2023. Dukansu biyu sau huɗu ake yi wa yaro. Ke nan duk wahalar da aka sha a ɗakin gwaji tana rataye ne a kan ko uwa za ta dawo karo na huɗu, wanda shi ne ainihin abin da kike bincika.

Don haka ki je wurin malamin da ke duba aikinki da lissafin yadda yake, ki faɗa masa shawarar da aka ba ki ba tare da kin ambaci sunan kowa ba, sannan ki nemi izinin komawa cibiyoyin biyu ki zauna da iyaye da ma'aikata ki saurare su. Ki kuma tambaye shi ko yawan mutanen da kika bi ya isa ya gano ƙaramin bambanci in akwai shi, domin "ban ga bambanci ba" da "babu bambanci" ba magana ɗaya ba ce, kuma ya kamata kundinki ya bayyana wacce kike nufi.

Idan kin gama babi na huɗu ki turo mini, zan duba miki jadawalin, idona bai mutu ba tukuna a kan lambobi. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki rage kwana a gaban kwamfuta. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Mahaifinki.