Ni na ɗora yaron a kan babur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in faɗi wani laifi da na aikata da hannuna, ko Allah zai sa wani ya dakata kafin ya maimaita shi.

Shekara huɗu ke nan da aka sako ƙanwata. Ta shigo gida bayan magariba da goyo a baya, 'yarta mai shekara biyar na riƙe da gefen hijabinta. A fallen littafin makaranta aka rubuta takardar, layi biyu kacal. Ko idda ba ta yi a ɗakinta ba, alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kada a fitar da su daga gidajensu.

Ba a yi sati biyu ba aka aiko aka tafi da yarinyar. Namijin aka bar shi sai yaye. Washegarin yayen ƙanin mijin ya zo da babur. Ƙanwata ta shige ɗaki da yaron ta danna sakata. Tunda mahaifinmu ya rasu ni ne babba, don haka ni na ƙwanƙwasa, ni na ce mata, "Ki yi haƙuri, ɗa na uba ne." Ni na karɓe shi na ɗora a gaban babur. Takalminsa ɗaya ya faɗi, na sunkuya na mayar masa, yana miƙo hannu wajen ƙofar ɗakin. A ranar wallahi gani nake addini nake bi.

Bara a zauren malaminmu, bayan asuba, muka iso maganar reno a Risala ta Ibn Abi Zaid. Malam ya fassara: bayan saki renon 'ya'ya na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kakarsu ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Ya ƙara da hadisin matar da ta kai ƙara wajen Annabi (SAW) mijinta zai ƙwace ɗanta, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Na kasa ɗago kai.

Wannan littafi yana hannun malamanmu tun kaka da kakanni, mazhabar Malikiyya kuma ita kotunanmu ke bi. To me ya sa mai shekara arba'in da bakwai irina bai taɓa jin wannan hukunci a kan mumbari ba? Wa'azin haƙurin mata kam mun sha shi har mun haddace.

Za ka ji namiji yana cewa ba za a mai da masa ɗa agola ba. Ai shari'a ta riga ta ba shi amsa: yaron wajen kakarsa zai koma. Wani kuma ya ce, "In kina son su, ki ciyar da su." Nan ne tarkon yake, domin ci da sutura da magani a wuyan uba suke ko a ina yaran ke kwana. Bazawarar da ta dawo gidan da tukunya ke hawa sau ɗaya a rana, in an ƙi ba ta kuɗin ciyarwa, da kanta za ta miƙa yaran tana kuka, sannan a ce ita ta yarda. Na san akwai uwar da ba ta dace da reno ba, amma wannan alƙali ne zai duba, ba mijin da ke cikin fushi ba.

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mata 1,800, kuma na yi murna. Sai dai wa ya tambayi zawarawan cikinsu ina 'ya'yansu na fari suke? Lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali a 2017, hayaniyarmu duk ta tafi kan ƙarin aure. Ina roƙon limaman Juma'a su ware huɗuba guda a kan reno, alƙalai kuma idan sun yanke kuɗin ciyarwa su bi sawu har ya shiga hannun uwa.

Da ƙaramar Sallah na ga yarinyar a bakin titi da farantin gyaɗa a ka, kitsonta ya tsufa har ya dunƙule. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina Ummana?" Ƙanwata har yau ba ta yi aure ba. Mun shigar da ƙara, an kai sammaci, wata mai zuwa za a zauna. Zan tsaya gaban alƙali in faɗa masa cewa ba ita ta ba da su ba, ni na sa ta buɗe ƙofar.

Naku,
Wani tela daga Kano