Matsalar famfon mai da nozul a motocin jif: a binciki lambar shaidar mota kafin a ɗora wa fulogi laifi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu motoci ƙirar jif, da direbobinsu, da kanikawan da ke gyara su, a kan wata matsala da ake yi wa riƙon sakainar kashi alhali tana iya cin rai, wato lalacewar kayan da ke ɗauko mai daga tanki su kai shi cikin inji. Sau da yawa mota tana fara nuna alamun ciwon tun da wuri, ta riƙa jinkirin tashi, ko ta riƙa shaƙewa idan an taka totur a hawa, ko ta mutu a tsaye sannan ta sake tashi bayan ta huce, amma sai a canza fulogi ko a zargi batir, a ci gaba da tafiya har ranar da za ta mutu a tsakiyar babbar hanya.

A motocin zamani famfon mai yana zaune ne cikin tanki, a nutse cikin fetur, kuma fetur ɗin da yake turawa shi ne ke sanyaya shi yana rage masa gogayya. Yana tura man da ƙarfin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) a yawancin injuna, amma a injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda akwai famfo na biyu a jikin inji wanda ke ɗaga wannan ƙarfi zuwa bar 200 ko fiye, a injunan dizal kuwa yana kaiwa wajen 2,000. Kayan da ke aiki da irin wannan ƙarfi ba sa jure datti ko ruwa ko kaɗan. Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a jif shi ne nauyinta, domin da yawa daga cikinsu sun haura tan 2, ana ɗora musu kaya da mutane, ana kuma bin munanan hanyoyi da su. Idan injin irin wannan mota ya mutu tana cikin gudu, sitiyari yana iya yin tauri, birki kuma yana rasa ƙarfin da inji ke ba shi bayan an taka sau ɗaya ko biyu, ga kuma motocin da ke biye a baya ba su san abin da ke faruwa ba.

Babban abin da nake son masu karatu su sani shi ne cewa ba kullum ne laifin yake daga mai mota ko daga man da ya sha ba, wani lokaci da ciwon motar ta fito daga masana'anta. A watan Janairun 2020 kamfanin Toyota ya yi kiran a dawo da motoci kimanin 696,000 a Amurka saboda famfon mai da kamfanin Denso ya ƙera, kuma kafin ƙarshen shekarar adadin ya haura miliyan 3, ciki har da Highlander da 4Runner da Land Cruiser da RAV4 da wasu jif na Lexus. Matsalar tana cikin wata ƙaramar farfela ta roba da ke juyawa a cikin famfon. An gano cewa robar da aka yi wasu daga cikinsu da ita ba ta da isasshen ƙwari, sai ta riƙa tsotsar fetur tana kumbura har ta soma gogar jikin famfon, daga nan famfon ya tsaya cak, inji ya mutu. Irin wannan famfo ne ya sa Honda ta yi kiran motoci kusan miliyan 2.5 a Amurka a watan Disambar 2023, cikinsu akwai CR-V da HR-V da Pilot. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane cewa babu adadin fulogin da za a canza ya warkar da irin wannan mota, kuma wanke tanki ma ba zai yi komai ba.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwar inji muni, wato gobara. A shekarar 2022 Ford ta yi kiran Escape da Bronco Sport fiye da rabin miliyan saboda nozul, wato abin da ke fesa fetur cikin inji, wanda ke iya tsagewa ya zubar da fetur kusa da sassan inji masu zafi. Kafin nan, a 2013, an yi kiran Jeep Grand Cherokee da Liberty miliyan 1.56 saboda tankinsu yana bayan ƙafafun baya, inda karo daga baya zai iya fasa shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kamfani yana aika takardar kira ne ga wanda sunansa ke cikin rajistar motar a ƙasar da aka fara sayar da ita. Da zarar motar ta canza hannu sau biyu ko uku, ko ta hau jirgin ruwa zuwa wata ƙasa a matsayin ta hannu, sau da yawa saƙon ba ya isa ga wanda ke tuƙa ta da iyalinsa a ciki. Hanyar bincikawa kuwa a buɗe take kuma ba a biyan komai. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa, kuma idan motar daga kasuwar Amurka ta fito, ana iya shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a can, nan take a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Ko da ba a samu gyara kyauta ba a inda motar take yanzu, sanin ainihin abin da ke damunta ya isa ya hana asarar kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau. A ganina dillalin da ya sayar da jif ba tare da ya duba wannan ba bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Ga kanikawa kuma, ina girmama sana'arsu, shi ya sa nake roƙon su daina aiki da zato a wannan fanni. Ana auna ƙarfin famfo da ma'aunin da aka yi domin haka, ana kuma karanta abin da kwamfutar mota ta adana da na'urar bincike, wadda mazauninta ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. Wani lokaci famfon lafiya yake, filta ce ta toshe, ko wayar da ke kai masa wuta ce ta ƙone a wurin haɗi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗinke bututun mai da tiyo na roba kowane iri a ɗaure da waya, domin robar da ba a yi ta don fetur ba tana narkewa daga ciki, kuma ƙarfin da ke cikin bututun ya isa ya fesa mai a kan salansa mai zafi. Haka nan famfo na jabu yana iya tayar da mota a gareji, amma ya gaza a lokacin da ake wuce babbar mota, lokacin da inji ya fi buƙatar mai.

Masu mota su ma suna da nasu alhakin. Yawan tafiya da tanki kusan wayam yana barin famfo cikin zafi, yana kuma sa shi zuƙar iska a kwana da gangara. Ƙara danna mai bayan bututun gidan mai ya tsaya da kansa yana tura fetur cikin gwangwanin gawayin da aka yi domin kama tururi kawai, ya lalata shi. Wanda kuma ya ji warin fetur a cikin mota ko a kusa da ita bayan ya ajiye ta, to kada ya sake tayar da ita sai an gano inda yake fitowa.

Ina roƙon jaridarka ta riƙa buga sanarwar irin waɗannan kiraye-kiraye da Hausa duk lokacin da suka fito, tare da sunayen motocin da shekarun ƙirarsu da kuma hoton inda ake samun lambar shaidar a jikin mota, domin da yawa daga cikin masu tuƙa waɗannan motoci ba za su taɓa cin karo da sanarwar a harshen da aka rubuta ta ba.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarka