Tsibirin marubucinku, daga ina yake shan ruwa?

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan labarin nan da kuke bugawa kashi-kashi a shafin adabi, na birnin da marubucinku ya ƙago a tsakiyar teku. Ya tsara masa majalisar dattawa, da sarkin da ake zaɓa, da tarihin ɗaruruwan shekaru ba yaƙi ba yunwa. Alƙalaminsa akwai zaƙi, har musu muke yi a kai a rumfarmu ta kasuwar Mile 12 idan ciniki ya lafa. Sai dai da ganin rubutun ka san Malam bai taɓa zama inda ruwa ya kewaye mutane ba. Ni dillalin kayan gwari ne mazaunin Agege, kuma tsibiri na gaske yana nan kusa da mu, tarihinsa a rubuce.

Kafin Turawa su karɓe shi, Eko, wato tsohuwar Legas, gari ne mai cin gashin kansa a kan ɗan tsibiri, sarkinsa Oba yana fadar Iga Idunganran a Isale Eko. Abin da zai ba Malam mamaki shi ne, Oba ba shi ne mai ƙasa ba. Filaye na hannun Idejo ne, sarakunan nan masu farar hula. Naɗin sarki kuma sai da hannun wani basarake mai suna Eletu Odibo. To a birnin marubucinku, wa ya mallaki ƙasar da aka gina gidajen? Bai faɗa ba, alhali a tsibiri babu abin da ake zub da jini a kansa kamar fili, tunda ba ya ƙaruwa sai an cike ruwa da yashi. Ko bayan zuwan Turawa rigimar ba ta mutu ba. Da gwamnati ta karɓe filayen Apapa, Amodu Tijani, wato Cif Oluwa, ya bi shari'a har London tare da Herbert Macaulay, kuma a 1921 aka yanke cewa sai an biya diyyar ƙasar.

Batun gadon sarauta ne ya fi ba ni dariya. A labarin, sarki na rasuwa dattawa su shiga ɗaki su fito da sabo, kowa ya ce Allah ya taya riƙo. Ina ma! A Eko, Akitoye ya hau a 1841, ɗan ɗan'uwansa Kosoko ya kore shi a 1845. Akitoye bai haƙura ba, ya tafi Abeokuta, daga nan Badagry, ya nemi Ingilishi su mayar da shi, da alkawarin zai hana cinikin bayi. A Disamban 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, Kosoko ya tsere Epe, Akitoye ya koma kan gado. Daɗin bai jima ba. Ya rasu a 1853, kuma ranar 6 ga Agusta 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas ga Ingila, jirgin yaƙi na tsaye a bakin ruwa, aka yanka masa buhun wuri 1,200 duk shekara. Shekara ashirin kacal tsakanin hawan uban da sallamawar ɗan. Duk ɗan sarkin da ya rasa sarauta a ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa, akwai babbar ƙasa da ke jiran ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Idan babu ɗan sarki ko ɗaya da ya taɓa yin fushi a tarihin birnin Malam, to mala'iku ya zuba a ciki.

Sai ruwan sha. Teku ga ta nan ko'ina, amma ba a shan ta. Ruwan famfon da tsibirin Legas ya fara samu daga Iju aka jawo shi, nan bayan Agege, a 1915, kuma tun 1908 jama'a suka fito zanga-zanga a kan harajin da aka ce su biya domin aikin. Wato famfo kaɗai ya isa ya girgiza mulki. Singafo ma da ake ta buga misali da ita, wadda ta rabu da Malesiya a 1965, har yau tana jawo ruwa daga jihar Johor ta Malesiya bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061.

Abinci kuwa sana'ata ce, ba sai na buɗe littafi ba. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da ake ci a Ikoyi da Victoria Island, a bayan tirela suke kwana daga Kano da Kaduna da Sakkwato da Filato, mu sauke a Mile 12 da asuba, ƙananan motoci su haye gada da su. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin 'yan kwanaki kwandon tumatir ya gagari mai ƙaramin ƙarfi a nan, a can Arewa kuma kaya na ruɓewa a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa. Birnin Malam fa, wa ke noma masa? Me yake ba su, kuma ranar da suka yi fushi wace majalisa ce ke zuwa ban-haƙuri?

Wani abokin rumfata ya ce in bar bawan Allah ya yi mafarkinsa, ai tatsuniya ce. Na ce ko Gizo a tatsuniya yunwa ce ke fitar da shi daga gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙi. Gari mai tashar ruwa baƙi ne ke ɗauke da shi. Hausawa na cikin Legas tun kafin a haɗa Najeriya a 1914, da su ne Glover, jami'in Ingila a Legas, ya kafa rundunarsa a 1863, kuma cinikin goro da layin dogo suka cika Agege da mutanenmu. Duk da haka 'ya'yana da aka haifa a nan, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, idan ana neman takardar shaidar ɗan asali sai sun koma ƙaramar hukumar kakansu a Arewa, garin da sai da sallah suke ganinsa. Marubucinku ya ce a tsibirinsa kowa ɗaya ne. Ina roƙon a kashi na gaba ya gaya mana ƙarara: ɗan lebura mai sauke kaya a tashar jirgi, wanda ubansa ya zo daga wata ƙasa amma shi a tsibirin aka yanke masa cibiya, zai iya shiga majalisar dattawan nan, ko kuwa iyakarsa bakin ƙofa?

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas