Dajin da muka sha gani a fim amma bamu san sunansa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini, roƙo ne dani akan shafinku na fina-finai. Kullum labarin jarumai ne, wane ya auri wance, wance ta sayi mota, amma wuraren da ake ɗaukar fim ɗin ba'a taɓa kawo mana tarihinsu, alhali wani wurin ma yafi jarumin tsayawa a ran mai kallo.

Akwai wani daji a can arewacin jihar Kaliforniya ta Amurka, yankin Humboldt da Del Norte, ƙauyuka ne na masu yankan katako, ga hazo ga ruwan sama. Itatuwan wurin da suke kira redwood wallahi abin sai dai kace Allahu Akbar, wasu tsayinsu ya haura mita 100, akwai masu shekara 2000 a tsaye. Duk wanda ya kalli E.T. na 1982 yaga dajin nan, haka The Lost World na 1997 ɗin nan mai dodanni, a wani kwazazzabo da ake cewa Fern Canyon aka ɗauki wani ɓangarensa.

Amma wanda yafi taɓa min zuciya shine Return of the Jedi da ya fito a 1983. Ina yaro na kalle shi a bidiyo mai kaset a gidan maƙwabtanmu, muna zaune a ƙasa an cika falo maƙil, da aka nuno dajin nan na rantse ƙirƙirarsa akayi, dan ni a lokacin ban taɓa ganin icen da ya wuce kuka girma ba. Ashe wuri ne na gaske kusa da garin Crescent City, kuma filin na wani kamfanin katako ne aka ba masu fim ɗin aro, bayan an gama ɗauka an tattara kyamarori sai kamfanin ya shigo da injin yanka ya sare wurin. Ranar da na karanta wannan raina ya ɓaci sosai, itatuwan da suka girmi kakannin kakanninmu yanzu sai dai a gansu a faifai. Ɗan kurmin da aka ɗauki tseren baburan nan masu tashi sama na cikin fim ɗin shi ya tsira, saboda yana cikin gandun dajin da gwamnati ke karewa ne. Dama tsohon dajin gaba ɗaya kusan kashi 5 cikin 100 kawai ya rage, kuma sai 1968 aka kafa babban gandun ƙasa na Redwood, lokacin ɓarna ta riga tayi nisa.

Irin wannan nake so ku riƙa kawo mana Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ne, harda hoton wurin a da da kuma yadda yake yanzu in an samu.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Zariya